Yadda ake duba da gyara ƙafar tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka

A Amurka akwai wata irin tirela da ake ɗaura wa mota a baya, cikinta da gado da kicin da wurin zama, iyali su ja ta su tafi hutu. Tsofaffin cikinsu, na shekarun 1950 zuwa 1970, yanzu sun zama abin nema: Airstream mai ƙyalli kamar jikin jirgin sama, Shasta mai 'yan fukafukai a baya, Serro Scotty 'yar ƙarama, da Spartan wadda wani kamfanin ƙera jirage na garin Tulsa ya yi. Duk wanda ya sayi ɗaya, abin da ya fara ɗaukar hankalinsa shi ne goge jiki da sauya labule. Ni kuwa shawarata kullum ita ce a fara kwanciya a ƙarƙashinta da tocila. Ƙafa, wato tayoyi da aksul (sandan ƙarfen da tayoyin ke kansa) da sifirin, ita ce ke riƙe da ɗakin nan, idan ta mutu kowane rami na hanya kai tsaye yake dukan katako da kusoshi, har ɗakin ya kwance kansa da kansa.

Tirelar da na fara yi wa wannan aiki, wanda ya sayar ya ce ƙafarta lafiya lau. Bayan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba na buɗe ƙofa na tarar da ƙofofin kabad a buɗe, ƙananan kusoshi uku a ƙasa suna birgima, murfin murhu ya yi tsalle ya faɗa kan gado. A waje kuma, kewaye da wasu kusoshin jiki, akwai wani baƙi-baƙi da ya gangaro kamar kwalli ya zuba. Wannan garin alminiyom ne, alamar kusar ta saki tana goga. Tun daga ranar na daina yarda da bakin mai sayarwa a kan ƙafa.

Da farko ka san irin ƙafar da kake da ita

Iri biyu ne. Na farko sifirin mai falle-falle, irin wanda duk mai gyaran a-kori-kura ko babbar mota ya sani: faranta na ƙarfe an jera su, an ɗaure a tsakiya, aksul yana manne da su. Yawancin tsofaffin tireloli a kansa suke. Airstream ma da shi ta fara, kuma a kansa yawancin tireloli 41 na ayarin Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin, suka taso daga Cape Town a 1959 suka nufi Alƙahira.

Na biyu aksul mai roba. Daga 1961 Airstream ta koma kansa, wanda kamfanin Henschen ya riƙa yi a lokacin da sunan Dura-Torque a garin Jackson Center na jihar Ohio. Babu sifirin ko kaɗan a nan. Bututu ne mai kusurwa huɗu, a cikinsa an zura wani sandan ƙarfe shi ma mai kusurwa huɗu, an cusa dogayen robobi huɗu a lungunan da suka rage. A bakin sandan akwai gajeren hannu, a kan hannun taya take. Idan taya ta hau tudu, hannun ya ɗaga, sandan ya juya ya matse robobin, su kuma su mayar da shi. Kamfanin Dexter na jihar Indiana yana yin irinsa da sunan Torflex.

Leƙawa ɗaya ta isa ka bambance su.

Ɗagawa

Kafin komai, wuri mai daɗe ko siminti, ba ƙasa mai laushi ba. Sa waigi gaba da bayan tayar ɗaya gefen. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Jak a jikin shasi ake sa shi, kusa da inda aksul yake manne, kuma kada ka taɓa sa shi a tsakiyar aksul, domin bututun yana lanƙwashewa, shi ke nan taya ta fara cin gefe. Da ta ɗagu, ka tokare shasin da ƙafafun ƙarfe na tokara, sannan ka girgiza ta da hannu ka ga ko ta zauna. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, bulo kuma yana fashewa ba tare da gargaɗi ba. A tsohuwar tirela sai ka fara ƙwanƙwasa shasin da guduma a inda za ka tokare. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ka ji shi kamar kwali.

Gwajin aksul mai roba

Gwaji biyu ne, ba sa cin minti goma. Na farko, tirelar tana ƙasa da nauyinta, ka dubi hannun da taya take kai. Sabo yakan fito daga masana'anta a karkace zuwa ƙasa, a yawancin Airstream da digiri 22.5, nauyi ya ɗan ɗaga shi amma ya bar shi yana kallon ƙasa. Idan ka gan shi a miƙe sambal, ko ya ma kalli sama, robar ta gaji. Za ka kuma lura saman tayar ya shige cikin rumbunta har ba ka ganin gefen wili.

Na biyu, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin rumbun taya, ka ɗaga tirelar har tayar ta bar ƙasa, ka sake aunawa. Mai lafiya zai saki tayar ta sauko kamar inci uku. Wanda ya sauko inci ɗaya, ko bai motsa ba, robarsa ta zama dutse.

Abin da mutane ba sa yarda da shi shi ne, ajiya ta fi tafiya kashe wannan roba. Tirelar da ta shekara ashirin a bayan gida ba ta motsa ba, robarta ta daskare a wuri ɗaya, ko da kuwa ba ta yi wata tafiyar kirki ba a rayuwarta. Saboda haka maganar "ai ba a yi amfani da ita sosai ba" ba abin kwantar da hankali ba ce. Kuma robar ba a sauya ta a gareji, don a masana'anta ake cusa ta. Idan ta mutu, aksul ɗin gaba ɗaya ake cirewa.

Duba sifirin mai falle

Wannan ya fi buƙatar haƙuri. Ka goge laka da burushin ƙarfe, ka bi fallayen ɗaya bayan ɗaya, musamman kusa da santabol, wato ƙusar da ta ɗaure fallayen a tsakiya, da kusa da idon sifirin, inda suka fi karyewa. Siririn layi na jar tsatsa da ya ratsa falle a gicciye, tsagewa ce. Sifirin mai lafiya yana da lanƙwasa kamar baka, wanda ya miƙe ko ya juya baya ya gama aiki. Ka dubi shasi daidai saman aksul: idan akwai wuri mai sheƙi ko ɗan lotsawa, aksul ɗin ya daɗe yana dukansa.

Sai 'yan farantan lilo da ke riƙe da idon sifirin na baya. Ka kwance ɗaya ka ɗaga shi ga haske. Ramin ƙusar ya kamata ya zama zagaye. A wata Shasta da na kwance, ramin ya ja ya zama kamar ƙwai, abin da ya rage tsakaninsa da bakin farantin bai kai kaurin farce biyu ba, ƙusar kuma ta ci rabi kamar an yi mata zarto. Bushin ɗin da ke cikin idon ya narke tuntuni, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Da farantin nan ya tsinke a kan babbar hanya, sifirin zai daki ƙasan ɗakin, aksul ya goce. Idan tirelar mai aksul biyu ce, tsakaninsu akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke raba musu nauyi kamar sikeli, shi ma ramukansa haka suke ci. A ƙarshe ka duba waldar maratayan da ke jikin shasi, inda sifirin yake rataye.

Auna nauyi kafin sayen komai

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata aikinsu, don haka zan daɗe a kai. Tunanin da ke zuwa wa mutum shi ne, tunda zan sauya, bari in sa mai ƙarfi sosai in huta. Wannan kuskure ne babba. Sifirin ko roba da aka yi don ɗaukar fam 5,200 (fam ma'aunin nauyi ne na Amurka, ɗan ƙasa da rabin kilo), idan ka ɗora masa fam 2,800, ba zai lanƙwasa ba. Tirelar za ta riƙa tsalle kamar babbar mota da ba lodi, kuma duk girgizar da ka kashe kuɗi don ka kawar ta dawo. Ɗakin da aka haɗa da siririn katako ko ƙananan kusoshin alminiyom shekara sittin da suka wuce ba ya jure wannan. Mai rauni kuma ya karye. Daidai ake nema, ba sama ba, ba ƙasa ba.

Lambar da ke jikin tsohon faranti ko takardar kamfani ba ta isa ba, domin waɗanda suka riƙe ta kafin kai sun ƙara firji, batir, tankin ruwa, wani ma ya shimfiɗa sabon daɓen katako a kan tsoho. Ka loda ta kamar za ka yi tafiya, ruwa cike da tanki, tukunyar gas cike, ka kai ta sikelin manyan motoci da ake samu a wuraren hutawar direbobi. Ka auna abin da ke kan tayoyinta tana ɗaure da mota, sannan ka auna ta ita kaɗai. Bambancin shi ne nauyin da ke kan wuyan ja, wato bakinta na gaba da ake ɗaura wa mota, wanda ya kamata ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimla. Idan ya gaza haka, za ta riƙa kaɗa wutsiya a hanya komai kyan ƙafarta.

Misali: jimla fam 3,200, wuya ya ɗauki 400, saura 2,800 a kan taya. Aksul na fam 3,500, wato kusan kilo 1,590, da sifirin biyu na fam 1,750 kowanne, ya yi daidai, da ɗan rara. Idan mai roba ne, ana iya yin odarsa da robar da aka daidaita da nauyinka, don haka ka faɗa musu lambar sikeli.

Awon tsayi

Tef ɗin awo da takarda, kuma kowane awo sau biyu. A mai sifirin ana buƙatar: daga fuskar da wili ke zama a kai ta hagu zuwa ta dama, daga tsakiyar sifirin na hagu zuwa tsakiyar na dama, ko aksul ɗin miƙaƙƙe ne ko mai saukowa, don da yawa daga cikin tsofaffin nan bakinsu a ɗage yake da inci huɗu domin ɗakin ya yi ƙasa, ko sifirin a saman aksul yake ko a ƙasansa, da adadin notocin taya da tazararsu. Sifirin kansa kuma, faɗinsa, yawan fallensa, da tsayinsa daga ido zuwa ido ba tare da nauyi a kai ba. Wanda aka fi samu a kasuwa yau mai ido biyu ne, faɗi inci 1¾, tsayi inci 25¼. Ka tuna tsohon da ya miƙe ya fi yadda aka ƙera shi tsayi, don haka ka auna tazarar maratayan ma. Tsofaffin tireloli sukan zo da tsayin da babu shi a kanti. A nan ko dai maƙeran sifirin su yi maka sabo a kan tsohon, ko mai walda ya matsar da marataya. Ni na fi son na farko, domin ba na son wuta a jikin tsohon shasi sai dole.

A mai roba kuma: fuska zuwa fuska, tazarar farantan da ake ɗaure shi da su a shasi, wurin ramukansu, da digirin hannu. Wasu sukan ɗauki digiri 32 maimakon 22.5 don ɗakin ya ɗan ƙara tashi daga ƙasa, abin da ke taimakawa wajen hawa gangaren gidan mai ba tare da bayanta ya goga ba. Idan tirelar tana da shokazoba, kamar yadda Airstream take da shi, ka ce a haɗa maka mariƙinsa tun daga masana'anta. Kada ka bari kowa ya kai walda jikin bututun, zafi yana ƙona robar da ke ciki, kuma ba za ka gani ba sai ka hau hanya.

Sauya sifirin

Kwana biyu kafin aikin ka riƙa fesa man sassauta tsatsa a kan kowane noti. Ranar aiki, bayan ka tokare shasi ka cire tayoyi, ka sa jak a ƙarƙashin aksul kusa da sifirin don ya tallafe shi kawai. Yanke wayar birki ko kwance ta, ka yi mata alama. Kwance ƙarafan nan masu siffar U da suka rungume aksul. Idan sun ƙi, yanka su, tunda dama ba a mayar da tsofaffi, zarensu ya riga ya ja. Sai ƙusoshin ido. A ƙarƙashin kansu akwai 'yan haƙora da ke cizon marataya, don haka noti ake juyawa, a riƙe kan, sannan a buge ƙusar ta fita. Wanda ya juya kan ƙusar zai faɗaɗa ramin.

Sifirin biyu ake sauyawa tare, ko da ɗaya ne ya karye. Ka fara rataye idon gaba, sannan na baya da farantan lilo. Bushin ɗin leda da ke zuwa da sabon sifirin ba ya daɗewa. Na tagulla da ƙusa mai ramin giris ya fi, kuma idan za ka sa ƙusar ka juya ɗan ramin da giris ke fitowa ya kalli gefe, ba sama ko ƙasa ba, in ba haka ba nauyi zai toshe shi giris ya ƙi shiga. Notocin nan ba a matse su har su kame. Lilo dole ya yi lilo.

Ka zaunar da aksul yadda kan santabol zai faɗa cikin raminsa. Sabon aksul yana da ɗan doro a tsakiya, ba lahani ba ne, da gangan aka yi, kuma doron sama yake kallo, nauyi ne zai miƙar da shi. Ɗaure ƙarafan U a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Masu kaurin rabin inci ana kai su fut-fam 45 zuwa 70 a ma'aunin sifanar. Kafin ɗaurin ƙarshe, ka ja tef daga tsakiyar wuyan ja zuwa bakin aksul na hagu, sannan na dama. Bambancin kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci, kamar milimita uku. Idan ya wuce, tirelar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Akwai masu mayar da sifirin saman aksul don ɗakin ya tashi. Yana yiwuwa, amma da sababbin mazaunai da aka yi wa walda a sama. Juya aksul ɗin ya kifa ba hanya ba ce, doronsa zai kalli ƙasa. Kuma ɗakin da ya tashi da inci biyar ya fi jin iska.

Sauya mai roba

Wannan ya fi sauƙi, nauyi ne kawai matsalarsa, don haka ku zama ku biyu. A tallafe shi da jak mai taya, a cire shokazoba da wayar birki, a kwance ƙusoshin gefe biyu, a sauke. Sabon a ɗaga shi hannuwansa suna kallon baya. Wani lokaci ramuka ba sa haɗuwa da na tsohon faranti, sai an huda sababbi, kuma a nan ma awon nan daga wuyan ja shi ne alƙali. Idan aksul biyu ne, a sauya su tare. Masu roba ba sa raba nauyi a tsakaninsu kamar masu sifirin, saboda haka dole tirelar ta tafi a miƙe. Idan gabanta ya ɗaga, na baya ne zai sha lodin shi kaɗai, tayoyinsa su yi zafi.

Boris, birki da taya

Tunda an riga an buɗe, a gama. Wanke boris da kananzir, ka juya shi a hannu. Launin shuɗi ko 'yan ramuka a jikinsa na nufin a sauya shi tare da mazauninsa. A aksul na fam 3,500 na yau, na ciki L68149 ne, na waje L44649, amma a tsoho sai ka karanta lambar da ke jikinsa. Cusa giris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka sa sabon sil. Wajen ɗauri, matse notin zuwa fut-fam 50 kana juya durom, sassauta shi gaba ɗaya, mayar da shi da yatsu kawai, sannan ka ja baya kaɗan har ramin fil ya bayyana. Ana maimaita wannan duk shekara ko duk mil 12,000.

Ƙurar tsohon birki kada ka hura ta, ta yiwu akwai asbestos a ciki, a jiƙa a goge. Birkin lantarki yana da na hagu da na dama: maganaɗisu a ƙasa, gajeren takalmin birki yana kallon gaba. Taya kuma shekarunta ake dubawa, ba zanenta ba. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen tayar su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta haura shekara shida a cire ta. Idan ka tarar da tsohon wili mai zobe da ake rabawa biyu, ka sauya shi da na zamani, zoben yana fizgewa da ƙarfin da ke kisa.

Fita gwaji

Sauke ta, ka tabbatar akwai sarari kamar inci uku tsakanin saman taya da rufin rumbunta. Ka ajiye kofin roba da ruwa rabi a kan teburin ciki. A hanyar da ba cunkoso, ka kai gudun mil 40 a awa, ka taka birkin tirelar ya sauko zuwa 20, sau 20 zuwa 30, kana barin tazara don ya huce, haka sabon takalmi ke zama a jikin durom. Tsaya a mil 10, da 25, da 50, ka sake ɗaure notocin taya, ka kai bayan hannunka kusa da kowace cibiya. Ɗumi ba komai, amma wadda ta fi 'yar'uwarta zafi sosai, ko boris ya matsu ko birki yana kamawa. Da ka dawo gida ka sake bin ƙarafan U da sifana, domin sabon sifirin yana zama su saki, sannan ka buɗe ƙofa ka duba kofin. Bayan mil 200 na farko a sake saita birki.